Kilo 9 a Wata Bakwai: Nawa Ne Tsoka, Nawa Ne Kitse, Nawa Ne Ruwa?

Yaron da zan yi bayani a kansa ɗan yayata ne, shekararsa 23, a nan Damagaram aka haife shi, a nan ya tashi. Ya yarda in rubuta abin da ya same shi bisa sharaɗin kada in kama sunansa. Ni malamin wasannin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare, shi ya sa duk abin da ya shafi jiki a danginmu wurina ake kawo shi. Abin da ya sa na ga ya dace a rubuta wannan lamari shi ne yaron ya yi kuskure biyu masu kishiyantar juna a cikin wata bakwai, kuma na biyun da hannuna a ciki.

Yadda abin ya faro

A farkon Nuwamban 2024 nauyinsa kilo 61 ne, tsayinsa mita 1 da santimita 74. Siriri ne ƙwarai, irin wanda riga ke rataye a kafaɗarsa. Sana'arsa a lokacin ga-ruwa. Duk wanda ya zauna a Zinder ya san halin ruwan garin nan, ya kuma san abin da ake nufi da tura kura cike da bido daga famfo zuwa lungunan unguwa, sawu bayan sawu, tun daga asuba. Aiki ne mai cin jiki. Duk abin da ya ci, kafin la'asar ya ƙone.

Abokansa na fada suna da wurin ɗaga ƙarfe a wani kango: sandar ƙarfe da aka zuba wa siminti a gwangwanaye gefe da gefe, tsofaffin ƙarafunan mota, da benci na katako. Irin waɗannan wurare suna da yawa a garin, ba a unguwar Kara-Kara kaɗai ba. Ga kuma Disamba na matsowa, lokacin kokawar takobin ƙasa, lokacin da kowane saurayi ke kallon ƙirjin su Issaka Issaka na Dosso yana duba nasa. Sai ya shiga ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako. Manyan wurin suka ce masa ƙarfe ba ya gina jikin da ba a ciyar da shi ba, kuma gaskiya suka faɗa. Ya ƙara fura da nono da hantsi, ya ƙara kwanon shinkafa da wake da rana, da dare kuma bayan tuwon gida yakan sayi taliya da ƙwai wurin mai shayi.

Kwana goma da fara wannan sai ya hau sikeli a wani farmasi, irin sikelin nan mai lantarki da ake hawa ba takalmi, ya nuna nauyi ya kuma nuna kashi nawa ne kitse a jiki. Ranar farko da ya taɓa hawa, na'urar ta ce kilo 61, kitse kashi 13 cikin 100. Yanzu ta ce kilo 63 da rabi, kitse kashi 17. Hankalinsa ya tashi. A ganinsa kilo biyu da rabin nan duk teɓa ce, tun da ga na'ura ta faɗa. Bai gaya wa kowa ba, sai ya daina cin abincin dare, ya riƙa ɗaura leda a ciki ƙarƙashin riga yana gudu da safe don ya "narkar da kitsen". Cikin mako guda kilo biyu suka zube. Tare da su ƙarfinsa ya zube: ƙarfen da yake tura wa sau takwas a kan benci ya koma sau biyar da ƙyar, kura kuma ta fara yi masa nauyi a hawan da ya saba yi ba tsayawa. A nan ne uwarsa ta turo shi wurina.

Ya ce, "Kawu, ni jikina ba na ƙwanji ba ne. In na ci sai kitse, in na bari sai rama."

Na ce ya zauna mu yi lissafi, domin lissafi ne kaɗai zai kwantar masa da hankali. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Kafin mutum ya tara kilo biyu da rabi na kitse cikin kwana goma, sai ya ci rarar kalori wajen 19,000 a kan abin da jikinsa ke ƙonawa, wato kusan 1,900 kowace rana. Cokalin cin abinci na man gujiya kalori 120 ne. Ke nan sai ya riƙa shan cokali 16 na mai kullum bayan ya ƙoshi. Da muka ƙiyasta abin da ya ƙara a abincinsa, bai wuce kalori 600 zuwa 700 a rana ba, ga kuma ɗaga ƙarfen da ya shigo yana cin nasa rabon. Ko da duk rarar ta zama kitse, da ba ta kai kilo ɗaya ba.

To sauran daga ina? Wuri uku. Na farko, jiki yana da rumbun da yake ajiye sitaci a cikin tsoka da hanta, ana ce masa gilikojin. A jikin babban mutum yakan kai wajen rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Mutumin da ke aikin ƙarfi yana cin abin da bai ishe shi ba, rumbun nan nasa kullum rabi-rabi yake. Da ya fara ƙoshi da shinkafa da fura, rumbun ya cika, ruwa ya bi shi, sikeli ya ɗaga da kilo ɗaya ko fiye, kuma duk a cikin tsoka yake, ba a ƙarƙashin fata ba. Na biyu, abincin da ke cikin hanji yana da nauyinsa. Wanda ya ninka cinsa, ya ƙara kayan da yake yawo da su. Na uku gishiri. Taliyar mai shayi da dunƙulen magi biyu a ciki tana sa jiki ya riƙe ruwa har washegari. Sabuwar tsokar da aka wahalar da ƙarfe ita ma takan ɗan kumbura da ruwa a kwanakin farko.

Ita kuma na'urar da ta ce kashi 17, ba ganin kitse take yi ba. Wani ɗan lantarki mara ƙarfi take turawa ta tafin ƙafa. Lantarki na ratsa ruwa da sauƙi, kitse kuma yana tare shi, sai na'urar ta auna yawan turjiyar da ta samu ta yi hasashe. Duk abin da ya rage ruwan jiki, ko ya busar da tafin ƙafa, zai sa ta ƙara yawan kitsen da take faɗa. Na tambaye shi lokacin da ya hau. Karon farko da la'asar ne bayan ya sha fura da ruwa. Karo na biyu da sassafe, bai sa komai a ciki ba, hunturu ya fara, ƙafarsa duk kaushi da faso. Gani ya kori ji, don haka na sa ya hau sau biyu a yini guda. Da safe ta ce 16 da rabi, da yamma ta ce 14. Na tambaye shi inda kitsen ya tafi tsakanin hantsi da la'asar. Ya yi shiru, daga baya ya ce, "Ashe ledar nan wahalar banza na sha." Ledar gumi kawai take fitarwa, kuma moɗa biyu na ruwa sun isa su mayar da abin da ta ɗauke. A garin da zafi ke kai wa inda namu ke kai wa, hanya ce ta jawo wa kai suma.

Wata ukun da komai ya tafi daidai

Muka yi tsari mai sauƙi. Na ba shi kuɗi ya sayi ƙaramin sikeli na gida, mara lantarki, da tef irin na tela, da littafin rubutu na ƴan makaranta. Kullum da safe bayan ya zaga, kafin ya ci komai, zai hau ya rubuta. Ran Juma'a zai tara nauyin kwana bakwai ya raba bakwai, wannan adadin kaɗai za mu duba. Ranar kuma zai zagaya tef a daidai cibiya, ba tare da ya tsuke ciki ba. Sannan ya rubuta nauyin ƙarfen da yake ɗagawa da sau nawa.

Abin da muke nema shi ne ƙarin giram 150 zuwa 300 a mako. Masana harkar suna ba da shawarar kada ƙarin ya wuce kwata zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyin mutum a mako, domin tsoka tana da iyakar saurin da take ginuwa. Sabon shiga, in ya dace da abinci da barci, yana iya samun rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata, kuma wannan saurin raguwa yake yi kowace shekara. Abin da aka ci fiye da abin da ginin ke bukata ba ya hanzarta shi, ajiye shi jiki ke yi.

Batun sinadarin gina jiki, wato furotin, shi ne inda samari suka fi ɓata kuɗi. Abin da ake bukata kimanin giram 1.6 ne ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, shi ke nan wajen giram 100. Ba mu sayi garin furotin na gwangwani ko ɗaya ba. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Busasshen wake giram 100 yana ba da fiye da 20. Rabin lita na nono yana ba da wajen 16. Ga awara, ga ƙuli-ƙuli wanda an riga an matse masa yawancin mansa, ga soyayyar fara da ake sayarwa a tiya, wadda kusan rabin nauyinta ko fiye in ta bushe furotin ne. Shi kansa hatsin da ake tuwo da fura da shi yana da nasa, wajen giram 11 a cikin 100. Nama kuwa sai ranar da aljihu ya yarda.

Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu matsakaicin nauyinsa ya tashi daga kilo 62 da rabi zuwa 65 da rabi. Ƙugu ya tashi daga santimita 73 zuwa 75. Ƙarfen benci ya kusa ninkawa. A cikin littafin akwai ranakun da nauyi ya yi tsalle da kilo ɗaya da rabi, kamar washegarin wani biki da ya ci shinkafa da nama har ya kasa tashi, kuma kwana biyu bayan nan ya koma inda yake. Ya koyi ya kalli irin wannan ya wuce. Santimita biyun da ƙugu ya ƙara kitse ne, ban ɓoye masa ba. Da wuya a ƙara tsoka ta hanyar ƙara ci ba tare da ɗan kitse ya biyo ba, kuma ga siriri irinsa wannan ɗan kitsen alheri ne.

Azumi ya kama a farkon Maris. Nauyi ya riƙa lilo: da la'asar ya sauka da kusan kilo biyu, bayan asham ya dawo. Wata rana ya sake bi ta farmasin nan da azumi a bakinsa, na'urar ta ce kashi 19, ya zo yana ba ni labari yana murmushi. Ya mayar da ɗaga ƙarfe bayan sallar isha'i, ya rage shi zuwa sau biyu a mako. Da aka yi ƙaramar sallah matsakaicinsa kilo 65 ne, ƙugu 75. Na ga ya fahimci abin, sai na daina neman ganin littafin. A nan na yi sakaci.

Inda kitsen gaske ya shigo

Bayan sallah wani ƙanen mahaifinsa ya ɗauke shi tsaron shago a Kasuwar Dole. Kowa ya yi murna, ni ma haka, domin ga-ruwa ba sana'ar da mutum zai tsufa a kanta ba ce. Amma ba wanda ya tuna cewa kurar nan ita ce ke ƙone ɗaruruwan kalori a jikinsa kowace rana. Daga mai tura ruwa tun asuba ya koma mai zama a kan kujera daga safe har magariba, zuwa da dawowa kuma a kan kabu-kabu. Abincinsa bai ragu da loma ɗaya ba. Ƙaruwa ma ya yi. Afrilu da Mayu a Damagaram zafi na wuce digiri 40, ga firji a shagon maƙwabci, sai ya zama kullum yana shan lemon kwalba biyu, kowace ɗaya wajen kalori 140, sukari zalla. Ga shayin ƴan kasuwa, na ɗaya da na biyu da na uku, kowane da sukarinsa. Da zafi ya fara kashe masa cin abinci, wani abokinsa ya kawo masa maganin ruwa na buɗe ciki. Ɗaga ƙarfe kuwa, tashi daga kasuwa a gajiye da zafin dare suka mayar da shi sau ɗaya a mako, wani makon ma babu.

Littafin ya ci gaba da rubuta nauyi a ciki, amma ya daina raba bakwai, tef kuma ya ɓace a cikin kaya. Duk sanda ya ga allurar sikeli ta matsa, sai ya ce wa kansa ruwa ne.

Ban gan shi da kyau ba sai ƴan kwanaki kafin babbar sallah, a farkon Yuni, lokacin da ya zo gidana yana ƙorafin tela ya ɓata masa wando, alhali da awon azumi aka yanka shi. Na dube shi. Kumatu sun cika, ciki ya turo riga. Na ɗauko tef. Santimita 81. Sikeli ya ce kilo 70.

Ya ce, "Kawu, ai kai ka ce mini kada in damu da sikeli, ruwa ne."

Maganar ta dake ni, domin rabin gaskiya na ba shi, na bar shi da ita. Na koya masa abin da ba kitse ba ne, ban zaunar da shi na nuna masa yadda kitsen gaske ke zuwa ba. Ruwa da sauri yake zuwa, da sauri yake tafiya: kilo ɗaya yau, babu jibi. Rumbun gilikojin kuma sau ɗaya yake cika, ba ya ci gaba da ƙaruwa wata da watanni. Kitse ba ya tsalle. Giram 70 ne yau, giram 80 gobe, abin da sikelin gida ba zai ma nuna ba a rana guda, sai an jera makonni a ga layin yana hawa ba ya saukowa. Muka buɗe littafin muka raba bakwai na makonni takwas ɗin da ya tsallake. Kowane mako ya ɗara na bayansa da fiye da rabin kilo, ninki biyu na abin da muka tsara. Ƙugu ya ƙara santimita 6. Ƙarfen da yake ɗagawa bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu. In nauyi na hawa, ƙugu na hawa, ƙarfi na tsaye, to ba sai an tambayi na'ura ba. A ƙiyasina, cikin kilo biyar ɗin nan aƙalla uku da rabi kitse ne, kuma rarar kalori 500 a rana ta isa ta kawo hakan cikin wata biyu. Lemo biyu da barin kura sun biya wannan lissafin.

Na nemi ya kawo mini kwalbar maganin. Sinadarin da ke ciki siproheptadin ne, maganin ƙaiƙayi da mura wanda ke buɗe ciki yana kuma sa barci. Wannan ya bayyana mini kasalar da yake ji da yamma. Na gode Allah da ba ɗaya maganin ƙibar da ya fi wannan haɗari ba ne. Cikin abin da ake kira sha-ka-fashe ana samun deksametazon, kuma shi ɓarnarsa ta fi: yana tara kitse a fuska da ciki, yana riƙe ruwa, yana ɗaga sukari da hawan jini, sannan yana cinye tsokar hannu da cinya, wato ainihin abin da saurayin ke nema ya gina. Wanda ya daɗe yana shansa kuma bai kamata ya yanke shi rana ɗaya ba, sai likita ya rage masa a hankali. Na sha ganin samari da ƴan mata da fuska ta yi ɓul-ɓul ana yaba musu cewa sun samu hutu, ni kuwa raina ɓaci yake yi.

Santimita 81 ba ciwo ba ne. Ƙa'idar da nake koya wa ɗalibaina ita ce ƙugu kada ya kai rabin tsayi, shi kuma rabin tsayinsa 87 ne. Abin da ya dame ni saurin tafiyar. Da an ƙyale shi haka, kafin ƙarshen damina ya tsallake.

Gyara

Abu na farko da na hana shi shi ne komawa ga yunwa, domin na ga alamar hakan a idonsa. Tuwo, wake, nono da ƙwai duk suka zauna yadda suke. Aka cire lemon kwalba, ya koma ruwan randa da zoɓo mara sukari da yawa. Shayi ya tsaya a kofi ɗaya. Taliyar dare ta koma ƙwai biyu da ɗan burodi. Maganin buɗe ciki aka zubar. Ya bar kabu-kabu da safe, yana takawa zuwa kasuwa kafin rana ta yi zafi, wajen rabin awa. Ɗaga ƙarfe ya koma sau uku a mako, bayan sallar asuba, tun da dare ya gagara. Tef kuma aka buga masa ƙusa a bango kusa da sikeli, ni kuma na ɗaukar wa kaina duba littafin kowace Juma'a bayan masallaci.

Makon layya nauyi ya yi tsalle da kilo ɗaya saboda soyayyen nama da gishiri, ya kuma sauka da kansa. Makonni biyu na farko ƙugu bai motsa ba, ya fara ƙorafi, na ce ya ba shi lokaci. A mako na uku ya sauka zuwa 80. Zuwa ƙarshen Yuli matsakaicin nauyinsa kilo 67 da rabi ne, ƙugu 78, ƙarfen benci ya dawo inda yake kafin azumi har ya ɗara da gwangwani ɗaya ƙarami a kowane gefe.

Yayata ba ta ji daɗin wannan ba. A wurinta cikar kumatun nan ita ce shaidar ɗanta ya samu aikin kirki, kuma har yanzu in na je gidan sai ta ce, "Kai ne ka sa yaron nan ya rame." Na nuna mata kafaɗarsa da damtsensa, na ce ta tuna yadda riga ke rataye a jikinsa bara. Ta ce ita dai fuska take dubawa.

Mun yi shawara da shi zai tsaya a kan wannan nauyin har damina ta wuce. In sanyi ya shigo a Nuwamba zai sake ƙara ci, amma wannan karon da ƙwarya ɗaya ta fura da nono kawai za a fara, tun da yanzu a zaune yake yini, sai mu ga abin da Juma'a huɗu za su nuna kafin a ƙara wani abu.